TARIHIN SABUWAR SHEKARAR HABASHA, ƘASA MAI WATA GOMA SHA UKU

A wannan fitowa za mu leƙa gabashin Afirka ne, wato ƙasar Habasha, domin mu ga yadda mutanenta suke shiga sabuwar shekara, da kuma inda suka samo lissafin da suke bi. Wannan ƙasa ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Tun muna makarantar Islamiyya muke jin sunanta a darasin Sira, yanzu kuma ga shi 'yan kasuwarmu da yawa ta Adis Ababa suke bi in za su Dubai ko Sin ko Jidda, saboda jirgin Habasha yana sauka a Legas da Abuja da Kano da Inugu. Duk wanda ya taɓa kwana a can ya ga kalanda a rataye, ko ya duba kan jarida, zai lura shekarar da aka rubuta ba ita ce wadda ya baro a gida ba.

Ga misali. Ranar Alhamis 11 ga watan Satumba 2025, mu muna cikin watan Rabi'ul Awwal na shekarar 1447 bayan Hijira, a ranar ne Habasha ta shiga shekarar 2018. Sunan bikin Enkutatash. Ranar hutu ce a duk faɗin ƙasar, kuma da wannan lissafin gwamnati take aiki, da kotu, da makaranta, da manomi a ƙauye.

YADDA LISSAFIN YAKE

Shekararsu ta rana ce, amma rabonta ya fi na boko sauƙin riƙewa. Wata goma sha biyu ne, kowanne kwana 30 cif, babu mai 31 babu mai 28. Ka ga an sami kwana 360 ke nan. Kwana biyar da suka rage sai aka tara su wuri ɗaya aka mai da su ɗan ƙaramin wata na goma sha uku, ana ce masa Pagume. Bayan kowace shekara huɗu Pagume yakan zama kwana shida. Sunayen watannin su ne Meskerem, Tikimt, Hidar, Tahsas, Tir, Yekatit, Megabit, Miyazya, Ginbot, Sene, Hamle, Nehase, sai Pagume a ƙarshe.

Ɗaya ga Meskerem ita ce ranar sabuwar shekara. Tana faɗowa ranar 11 ga Satumba, sai fa in Pagume ya yi kwana shida, to sai ta koma 12 ga wata, kamar yadda ya faru a 2023, kuma haka zai sake faruwa a 2027 in Allah Ya kai mu. Daga Satumba zuwa ƙarshen Disamba shekara bakwai ce tsakaninsu da lissafin boko. Daga Janairu zuwa farkon Satumba kuma ratar ta zama takwas, domin boko ya juya, su ba su juya ba tukuna.

Har agogonsu ma daban ne, kuma nan ne ɗan kasuwa ya kamata ya buɗe kunne. Suna fara ƙirga sa'a ne daga wayewar gari. Abin da muke kira ƙarfe bakwai na safe, shi ne ƙarfe ɗaya a wurinsu, tsakar rana kuma ƙarfe shida. In Bahabashe ya ce ku haɗu ƙarfe huɗu, goma na safe yake nufi, ba bayan La'asar ba. Saboda haka in ana ƙulla alkawari da su sai a tambaya, agogon Habasha ko na Turawa?

ASALINSA DAGA KOGIN NILU

Wannan tsari na wata goma sha biyu masu kwana talatin-talatin da ƙarin kwana biyar, ba a Habasha aka ƙirƙiro shi ba. Na Masarawan zamanin Fir'auna ne, kuma yana daga cikin tsofaffin lissafin shekara a duniya. Rayuwar Masar gaba ɗaya a kan cikowar Kogin Nilu take. Kowace shekara kogin yakan tumbatsa ya malale gonaki, in ya janye ya bar laka mai taki, sai a yi shuka. Masarawa suka lura cewa cikowar tana zuwa ne kusan daidai lokacin da tauraron Shi'ira, wanda sunansa ya zo a Suratun Najmi, yake fara bayyana a gabas kafin fitowar rana. Daga nan suka ɗauki farkon shekararsu, suka raba ta kashi uku: lokacin ambaliya, lokacin shuka, da lokacin girbi.

Abin lura a nan, wannan ruwan da ke cika Masar, yawancinsa damina ce ta kan duwatsun Habasha. Daga Tafkin Tana ne reshen da ake kira Shuɗin Nilu ya taso, ya gangara ya haɗu da Farin Nilu a Khartum, sa'an nan su nufi arewa. Wato ruwa ya tafi daga Habasha zuwa Masar, lissafin da aka gina a kan ruwan kuma ya dawo daga Masar zuwa Habasha.

Lissafin Masarawa yana da giɓi guda. Shekarar rana kwana 365 ce da kusan rubu'in kwana, su kuwa ba su ƙirga rubu'in. Don haka duk bayan shekara huɗu sai farkon shekara ya matsa da kwana ɗaya. Bayan Rumawa sun ci Masar, a zamanin Sarki Agustas, kimanin shekara 25 kafin lissafin Miladiyya, aka tilasta ƙara kwana na shida duk shekara huɗu. A lokacin farkon shekara ya zo daidai da 29 ga Agusta a lissafin Rum, sai ya tsaya a nan. Kiristocin Masar, wato Ƙibɗawa, wannan suka gada kuma har yau shi suke bi a cocinsu. Su ma ranar 11 ga Satumba suke sabuwar shekara, suna ce mata Nairuz.

Hanyar da ya bi ya isa Habasha kuwa ita ce ta addini. A ƙarni na huɗu na Miladiyya Sarki Ezana na daular Aksum ya karɓi Kiristanci a hannun wani mutumin Sham mai suna Furumentiyus, wanda ya tashi a fadar tun yana yaro. Shi wannan mutum Iskandariyya ya je aka naɗa shi shugaban cocin Habasha. Daga nan ya zama al'ada, daga Masar ake aiko musu da babban limamin coci, wanda suke kira Abuna, har tsawon shekara wajen 1,600. Sai a 1959 cocin Habasha ya sami cikakken 'yancin kansa. Tare da limaman nan ne littattafan lissafin azumi da bukukuwa suka shigo.

INA SHEKARA BAKWAI SUKA SHIGA?

Wasu sukan yi zolaya wai Habasha an bar ta a baya da shekara bakwai. Maganar gaskiya ita ce saɓani ne na malaman lissafi. Wajen shekara ta 400, wani malamin coci a Iskandariyya mai suna Aniyanus ya yi hisabin lokacin da aka yi bushara da Annabi Isa (AS), kuma nasa hisabin Habasha ta ɗauka. Bayan fiye da shekara ɗari, a 525, wani malamin a birnin Rum, Diyonisiyus, ya yi nasa hisabin ya sa abin shekara bakwai zuwa takwas kafin na wancan. Turai ta bi na Rum. Masana tarihi da yawa na wannan zamani suna ganin dukkansu biyu ba su dace da ainihin shekarar ba, an haifi Annabi Isa (AS) 'yan shekaru kafin duka lissafin biyu. Habashawa suna kiran nasu Amete Mihret, wato shekarar rahama.

Su kuwa Ƙibɗawa, ko da yake rana ɗaya suke biki da Habasha, lambar shekararsu daban ce. Sun fara ƙirga tasu daga 284, shekarar da Sarkin Rum Diyokiletiyan ya hau mulki, saboda kisan da ya yi wa Kiristoci. Ranar da Habasha ta shiga 2018, su 1742 suka shiga.

Saura tambaya ɗaya: yaya 29 ga Agusta ta koma 11 ga Satumba? Ƙarin kwana ɗaya duk shekara huɗu ya ɗan zarce da kusan minti 11 a kowace shekara, wanda in ya taru yakan zama kwana guda a cikin shekara 128. A 1582 Fafaroma Giregori na 13 ya yi gyara, aka tsallake kwana goma, mutane suka kwanta ranar 4 ga Oktoba suka tashi ranar 15. Ingila ba ta yarda ba sai a 1752, kuma ta hannun Ingilishi ne wannan lissafi ya zo mana nan Nijeriya. Cocin Habasha ba ya ƙarƙashin Fafaroma, don haka bai bi ba. Ratar da ke tsakanin tsohon lissafi da sabo yanzu ta kai kwana 13. In ka ɗora 13 a kan 29 ga Agusta, ga ka a 11 ga Satumba.

Ƙasashe da dama masu nasu lissafin daga baya sun sake shi. Masar ta koma na boko a harkar gwamnati tun 1875, Rasha a 1918, Turkiyya a 1926. Habasha ba ta sake ba, kuma babu wanda ya sami ikon tilasta mata. Ranar 1 ga Maris 1896 rundunar Sarki Menelik na Biyu da matarsa Taitu ta karya sojojin Italiya a Adwa. Italiya ta dawo ta mamaye ƙasar daga 1936 zuwa 1941, amma shekara biyar ba su isa su canza wa mutane kwanan wata ba. Har yau da nasu watannin suke tuna tarihinsu. In ka ce wa Bahabashe Yekatit 12, ya san kisan kiyashin da Italiyawa suka yi a Adis Ababa a 1937 kake nufi, ba sai ka ƙara bayani ba.

SUNAN BIKIN DA LOKACINSA

Game da kalmar Enkutatash, bayanin da ya fi yaɗuwa shi ne kyautar lu'ulu'u. Labarin da suke bayarwa wai Sarauniyar Saba, wadda muke kira Bilkisu su kuma suke ce mata Makeda, da ta dawo daga ziyarar Annabi Sulaimanu (AS), sai hakimanta suka tarye ta da duwatsu masu daraja domin su cika mata baitulmali. Habashawa sun riƙe cewa tasu ce, kuma wani tsohon littafinsu na ƙarni na 14, Kebra Nagast, ya ce daga ɗanta Menelik na Farko sarakunansu suka fito. Tsarin mulkin 1955 ma sai da ya rubuta wannan nasaba ga Sarki Haile Selassie. Mu dai abin da muka karanta, Saba tana Yaman ne, tsallaken Bahar Maliya. Labarin lu'ulu'un labarin baka ne, a haka za a ɗauke shi.

Abin da ido ke gani kuwa shi ne yanayi. Daminar Habasha mai ƙarfi, wadda suke kira kiremt, takan fara a Yuni ta kai Satumba. A kan duwatsun nan lokaci ne na sanyi da hazo da taɓo, koguna su cika su raba ƙauye da ƙauye. Shigowar Meskerem sai ruwa ya fara ɗaukewa, rana ta fito, hanyoyi su buɗe, dangi su sami damar ziyartar juna. A daidai lokacin wata fure mai ruwan ɗorawa, adey abeba, takan rufe filaye da gefen duwatsu. Ita ce alamar bikin, za ka gan ta a katin gaisuwa da tallan kamfanoni da adon tufafi. Sunan babban birnin ma, wanda aka kafa a 1886, ma'anarsa sabuwar fure. A wannan watan ne kuma makarantu suke buɗe sabuwar shekarar karatu.

YADDA AKE BIKIN

Shiri yakan fara tun cikin Pagume. Mabiya cocin gargajiya suna ɗaukar ruwan saman da ya sauka a waɗannan kwanaki a matsayin mai albarka, musamman ranar uku ga watan, har yara su fita su yi wanka a cikinsa. Ana wanke gida da tufafi, wanda ke da saɓani da wani ya nemi shiri kafin shekara ta juya.

Daren jajibere sai maza da samari su kunna damin busassun itace da ake kira chibo a ƙofar gida, a kewaye wutar ana waƙe-waƙe, ana sallamar tsohuwar shekara. Da asuba masu zuwa coci su sa fararen kaya na saƙi su tafi. A wurinsu ranar ta Annabi Yahaya (AS) ce, suna ce mata Kidus Yohannes. A Adis Ababa ana babban taro a cocin Raguel da ke kan Dutsen Entoto. Bayan addu'a sai liman ya tashi ya karanta lissafin shekarar da aka shiga, ya faɗi ranar da kowane azumi da kowane biki zai faɗo. Wannan ilmi sunansa Bahire Hasab, wato tekun lissafi. Kalmar hasab ɗin nan 'yar'uwar hisabi ce da muka sani, domin harshensu da Larabci dangin juna ne.

Da hantsi gari ya zama na yara. 'Yan mata sanye da sababbin fararen riguna, ɗauke da furanni da ɗan ganga, su bi gida gida suna rera waƙar da ake kira Abebayehosh, masu gida su ba su burodi ko 'yan kuɗi, su kuma su yi musu addu'ar ganin baɗi. 'Yan maza kuwa zane suke yi a takarda, na furanni ko tsuntsaye ko mala'iku, su kai wa dangi da maƙwabta a ba su tukuici. Duk wanda ya yi tashe yana yaro zai gane wannan.

A cikin gida ana baza ɗanyar ciyawa a tsakar ɗaki. Abincin ranar shi ne injera, wata faffaɗar waina mai tsami da ake yi da ƙwayar tef, da miyar kaza mai yaji da dafaffen ƙwai a ciki, doro wat. Mai hali ya yanka tunkiya. Waɗanda ba su da ƙarfin yanka su kaɗai sai su haɗa kuɗi su sayi sa, a yanka a kasa nama kashi-kashi kowa ya ɗauki nasa. Su suna ce masa kircha, mu kuma watanda, babu wani bambanci. Bayan abinci sai gahawa. Uwar gida takan soya ƙwayar a gaban baƙi, ta daka, ta dafa a tulun ƙasa, ga turaren wuta yana tashi, a sha zagaye uku. Na ukun sunansa baraka, kuma ba kyau baƙo ya tashi kafin a kai gare shi.

Ta fuskar kasuwa, kakar ciniki ce kamar jajiberen Salla a wurinmu. A Merkato, babbar kasuwar Adis Ababa, da kasuwannin dabbobi, farashin kaza da tunkiya da albasa da man shanu yakan tashi a makon. Tun da gwamnati ta saki kuɗinsu, bir, ya nemi darajarsa a kasuwa a watan Yuli 2024, ya faɗi ƙwarai, hidimar bikin ta ƙara yi wa talaka nauyi. Wani abin da mai sayar da dabba yake dubawa shi ne ranar da bikin ya faɗo. Laraba da Juma'a ranakun ƙauracewa nama ne ga mabiya cocin gargajiya, saboda haka in sabuwar shekara ta zo a ɗayansu, masu riƙo sukan ɗage yanka zuwa washegari.

MUSULMIN HABASHA DA SAURAN ƘABILU

Kada mai karatu ya ɗauka ƙasar ta Kirista ce zalla. A ƙidayar 2007, kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanenta Musulmi ne. Musulunci kuwa ya taka ƙasar tun kafin ya isa Madina. A shekara ta biyar bayan aiko Manzon Allah (SAW), wajen 615, da azabar Ƙuraishawa ta yi yawa, ya umarci wasu sahabbai su yi hijira zuwa wurin Najjashi, sarkin da ba a zaluntar kowa a ƙasarsa. Cikin ayarin farko akwai Sayyidina Usman ɗan Affan (RA) da matarsa Ruƙayya, daga baya Ja'afar ɗan Abi Ɗalib (RA) ya zama mai magana da yawunsu a fada. Akwai wani gari mai suna Negash a yankin Tigray da masallacin da ake dangantawa da su. Birnin Harar da ke gabas kuma tsohuwar cibiyar malamai ce.

Musulmin can da watan sama suke azumi da Salla da Hajji kamar kowa, amma albashi da haya da takardar haihuwa duk da Meskerem da Tikimt ake rubutawa. Ba su zuwa coci ranar Enkutatash, amma hutun ya shafe su, kuma akan yi gaisuwa da maƙwabta. Game da nama kuwa kowane ɓangare da mahautansa, ba a cin yankan juna, kuma wannan tsohuwar al'ada ce da kowa ya san da ita. Sai bayan juyin mulkin 1974 ne aka sa Sallolin biyu da Mauludi cikin ranakun hutun ƙasa.

Wasu ƙabilun ma suna da nasu. Sidama da ke kudu suna da sabuwar shekararsu, Fichee Chambalaalla, wadda dattawansu masu duban taurari suke tsayar da ranarta, kuma hukumar UNESCO ta sa ta cikin kayan gadon duniya a 2015. Oromo, ƙabilar da ta fi kowace yawa, suna bikin godiya na Irreecha a bakin tafki a Bishoftu bayan ɗaukewar ruwa. Ba kowa ne a cikinsu yake kallon Enkutatash a matsayin nasa ba, wasu suna ganin al'adar mutanen arewa ce da sarakuna suka shimfiɗa wa kowa. Duk da haka kalandar ɗaya ce a ofis da kotu.

ABUBUWAN DA SUKA FARU A RANAR

Masu mulki sun san nauyin wannan rana, shi ya sa manyan al'amura da dama suka faɗo a kanta. A daren sabuwar shekara, 11 ga Satumba 1974, sojoji suka sa aka nuna a talabijin hotunan yunwar da ta kashe dubban mutane a lardin Wollo, ana cakuɗa su da hotunan shagalin fada. Washegari suka shiga suka karanta wa Haile Selassie takardar tuɓe shi, suka fitar da shi a cikin 'yar ƙaramar Volkswagen. Ya rasu a tsare a 1975. Gwamnatin sojan da ake kira Derg ta rushe sarauta, ta ƙwace filaye, ta bi tafarkin gurguzu har ta faɗi a 1991, amma ko ita ba ta taɓa kalandar ba.

Ranar 12 ga Satumba 2007, shekara bakwai da 'yan watanni bayan duniya ta gama nata, Habasha ta shiga shekara ta 2000, a zamanin Firayim Minista Meles Zenawi. An gina katafaren zaure a Adis Ababa saboda bikin, an saki dubban fursunoni, 'yan ƙasar da ke waje suka yi ta dawowa, Tarayyar Afirka kuma ta karɓi bikin a matsayin na nahiyar baki ɗaya.

Ranar 11 ga Satumba 2018 Firayim Minista Abiy Ahmed da Shugaba Isaias Afwerki na Iritiriya suka buɗe iyakar ƙasashen biyu a Bure da Zalambesa, bayan shekara ashirin tana rufe sakamakon yaƙin 1998 zuwa 2000. 'Yan'uwan da suka rabu suka rungumi juna suna kuka. Abin baƙin ciki, cikin 'yan watanni aka sake rufewa. A sabuwar shekarar da ta faɗo a 2022 kuma shugabannin Tigray suka sanar sun yarda da sulhu a ƙarƙashin Tarayyar Afirka, aka sa hannu a Piretoriya ranar 2 ga Nuwamba, kuma tsohon shugabanmu Olusegun Obasanjo ne ya jagoranci shiga tsakanin. Sa'an nan ranar 9 ga Satumba 2025, saura kwana biyu shekara ta juya, aka ƙaddamar da babbar madatsar ruwa a kan Shuɗin Nilu, wadda aka fara ginawa a 2011. Masar ta daɗe tana adawa da ita don tsoron raguwar ruwa. Kogin da ya haɗa ƙasashen biyu a kan lissafi ɗaya, shi ne kuma suke jayayya a kansa.

ABIN DA YA SHAFE MU

Mu da muke zaune a nan Kurmi mun san zama da lissafi biyu. Haya da kuɗin makaranta da banki duk da Janairu suke tafiya. Amma muna da namu. Malaman tarihi sun ruwaito cewa a zamanin Sayyidina Umar (RA), wajen shekara ta 17, aka kawo masa takardar bashi da aka rubuta za a biya a Sha'aban, ya tambaya wane Sha'aban, na bana ko na bara ko na baɗi? Daga nan sahabbai suka yi shawara aka tsayar da Hijira ta zama mafarin ƙirga, Muharram kuma farkon shekara. Ka ga ashe matsalar ciniki na daga cikin abin da ya jawo shi.

Iyayenmu sun ba watannin nan sunaye da harshenmu: watan Cika-ciki, watan Azumin Tsofaffi, watan Azumi, Ƙaramar Salla, Babbar Salla. A Cika-ciki akan fito da jelar ragon layya da aka adana a dafa, kowa ya ci ya ƙoshi, taubasai su bi juna kuɗin shara. Masu masaukinmu ma suna da irinsa. A garin Epe na Jihar Legas ana bikin Kayo-Kayo a farkon shekarar Musulunci, ma'anarsa ci ka ƙoshi, ana haɗa shi da tunawa da saukar Sarki Kosoko a garin a 1851. Jihohin Osun da Oyo ma sun ba da hutun ɗaya ga Muharram, ba jihohin Arewa kaɗai ba.

To amma mu tambayi kanmu, yara nawa ne a Sabo ko Zango za su iya jero watanni goma sha biyun nan ba tare da tuntuɓe ba? Yaron Habasha, Musulmi ne ko Kirista, ya san yau nawa ga watansu, domin kullum yana gani a rubuce kuma ana amfani da shi. Namu kuwa sai azumi ya matso muke cigiyarsa. Abin kuma ya wuce al'ada, ya taɓa dukiya. Shekarar wata kwana 354 ce, ta gaza ta boko da kusan kwana 11. Ɗan kasuwar da yake fitar da zakka duk ƙarshen Disamba ba tare da ya lura da wannan ba, a cikin shekara 33 zakkar shekara guda cur ta kuɓuce masa, hakkin talakawa ke nan a wuyansa.

Shawararmu ga shugabannin ƙungiya da malaman Islamiyyunmu ita ce, duk takardar da za ta fita daga ofis, da katin ɗaurin aure, da sanarwar taro, a rubuta kwanan watan Hijira tare da na boko. A makaranta a riƙa rubuta shi a kan allo kowace safiya. 'Yan kasuwa kuma kowa ya rubuta watan da zakkarsa take cika a bangon littafin cinikinsa, ya sanar da babban ɗansa ko yaron shagonsa. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Allah Ya zaunar da Habasha lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya ba mu zaman arziki da masu masaukinmu, Ya sa mu ga shekaru masu yawa cikin imani da wadata. Amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.